Yi Wa Sunan Kayanku Rajista Kafin Wani Ya Riga Ku

Da zarar ƙungiyarku ta fara zuba man gyaɗa a roba ko ƙulla yaji a leda da suna a jiki, to sunan nan ya zama dukiya, kamar injin markaɗenku. Ranar da kayan suka karɓu a kasuwa, wani na iya buga irin takardarku ya liƙa a nasa. In kuma ya riga ku yin rajista, ana iya cewa ku ne za ku sake suna.

Takardar CAC da wasu ƙungiyoyi ke da ita ta sunan kasuwanci ce, ba ta kare sunan da ke jikin kaya. Wannan aikin ofishin rajistar alamar kasuwanci ne da ke Abuja, ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya. Yawanci lauya ko wakilin da ofishin ya amince da shi ne ke shigar da takardun.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne wajen zaɓen suna. "Man Gyaɗa Mai Kyau" ko "Yajin Kano" da wuya su wuce, domin kowace mai mai tana da ikon cewa nata mai kyau ne, Kano kuwa ta kowa ce. Ku nemi sunan da bai bayyana kayan ba, misali sunan tsuntsuwa a jikin sabulu, da zanenta. Ku bar tutar ƙasa da tambarin gwamnati. Kada kuma ku ɗauki sunan fitaccen kamfani ku canza harafi ɗaya. In ya yi kama a ido ko a kunne, za a ƙi shi. A sa wakili ya bincika ko wani ya riga ku tukuna, sannan ku kai kuɗi wurin mai buga takarda. Takarda dubu da aka buga da sunan da aka ƙi, sai dai a hura wuta da ita.

An kasa kayayyaki aji 45, kuma kowane aji da takardarsa da kuɗinsa. Man gyaɗa na aji 29, yaji da gari na 30, sabulu da man shafawa na 3. Rajistar mai ba ta rufe sabulu.

Sai batun da ke raba zumunci: da sunan wa za a yi? In aka sa sunan shugaba don sauri, a doka alamar tata ce, ko da ta bar ƙungiya. Ni dai shawarata, ƙungiya ta fara samun rajistar gama-kai, a shigar da sunanta daidai yadda yake a takardar, a kuma rubuta wannan matsaya a littafin taro.

Takardar farko da za a ba ku shaidar karɓa ce kawai. Bayan an duba sai takardar amincewa, wadda NAFDAC kan nema idan kun je rajistar kayan abinci ko sabulu. Daga nan a buga alamar a mujallar ofishin, a jira wata 2 ko wani zai yi ƙorafi, sannan satifiket ya fito. Abin yakan ɗauki lokaci, don haka ma'aji ta riƙa tuntuɓar wakili, ta karɓi rasit na kowane biya.

Rajistar farko shekara 7 take yi, bayan nan ana sabuntawa duk shekara 14. Ku rubuta ranar a bangon littafin ƙungiya, satifiket kuma ya shiga akwatin nan mai kwaɗo uku.