Kitse Mai Rawaya da Ciyawar Rani

Tun da aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari a ƙarshen shekarar 2024, bayan shekarun da ta yi a rufe saboda fitinar daji, wata magana take yawo a rumfunan fawa na cikin gari, wai duk naman da kitsensa ya yi rawaya na saniya mai ciwon shawara ne, har ta kai mai saye yakan bar tsoka lafiyayya, ya ɗauki ramammiya don kawai kitsenta fari ne. Wannan zato ne, malamai kuwa sun daɗe da yi mana horo kada a gina hukunci bisa zato.

Haƙiƙanin al'amari shi ne, ɗanyar ciyawar damina, irin su gamba da kyasuwa da suka cika kewayen dajin Kamuku, tana ɗauke da wani sinadari da ake kira karotin, wanda shi ya ba manja jansa, ya ba karas launinsa. Saniya kuwa, saɓanin tunkiya da akuya, takan tara shi cikin kitsenta, kamar yadda farin ƙyalle ke fitowa daga marina da launin baban da aka tsoma shi ciki. Shawara ta gaskiya ba ta tsayawa ga kitse, sai ta rina farin ido da jijiyoyi da tantani, hanta ma ta ba da shaida.

Abin da ya cancanci tsoro, wanda ba mai ambatonsa, shi ne ciyawar rani. Masanan Shika, kusa da Zariya, inda aka kafa gonar dabbobi a 1928, wadda ta zama cibiyar binciken kiwo ta ƙasa a 1976 ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, sun jima da tabbatar da cewa idan ciyawa ta bushe, furotin ɗinta yakan faɗi zuwa kashi 2 ko 3 cikin ɗari, alhali saniya tana buƙatar kusan kashi 7. Dalili kuwa, ƙananan halittun da Allah Ya sanya cikin tumbinta su ke narka ciyawa, furotin kuma shi ne guzurinsu. Ka tara 'yan gayya a gona ka hana su fura, ka ga ko kunya za ta tashi; ka jibga itace a murhu babu garwashi, ka ga ko tukunya za ta tafasa. Haka saniya ke wuni tana kiwo, tumbi cike, haƙarƙari a waje.

Magani ba ɓoyayye ba ne: harawar wake da ta gyaɗa, da dusa, da angurya, da killatattun makiyayu na ciyawar sitailo irin waɗanda aka jarraba wajen Kachiya a shekarun 1980. Sai dai ilmin da ya kwanta cikin kundi, malamin gona bai kai shi ruga ba, amana ce da ba a sauke ba, kuma hukuma ce ke ɗauke da nauyinta. Mu kuma jama'a, da muke banka wa daji wuta da kaka, muna barin harawa ta ruɓe a gona, ba mu kuɓuta daga laifi ba.

Ya kai mai karatu, in ka ga kitse mai rawaya, dubi hanta da jijiya kafin ka yanke hukunci. In kuwa kana da dabba, tanadi harawa tun damina ba ta ɗauke ba.