Kangon Kanti da Masu Fasaha a Ingila

Tun ranar 2 ga Disamba 2024, da doka ta fara aiki a Ingila wadda ta ba majalisun garuruwa ikon yin gwanjon hayar kantin babban titin kasuwa da ya wuce kwana 365 a rufe cikin shekara biyu, ko da mai shi bai so ba, muhawara ta sake tashi a kan wata al'ada da ta yi ƙarfi a ƙasar, watau buɗe matattun kantuna na manyan titunan kasuwa a ba masu zane da masu sassaƙa da maginan tukwane da masaƙa, su yi aiki a ciki su baje kolin abin da hannunsu ya yi. Wasu suna cewa kwalliya ce ake yi wa gawa. Wasu kuwa, kuma su ne maganarsu ta fi damuna, suna ta yabon masu gine-ginen da karamci, suna ɗaukar abin a matsayin sadaka da attajiri ya yi wa talaka mai buroshi.

Asalin cutar sananne ne. Kamfanin Woolworths ya durƙushe a ƙarshen 2008 ya bar kantuna fiye da 800 a rufe, BHS ya bi shi a 2016, Debenhams a 2021, bayan ciniki ya koma intanet kuma annobar korona ta ƙarasa abin da ya rage, har ya zamana a shekarar 2021 kusan kanti ɗaya cikin bakwai a Birtaniya babu kowa a cikinsa. Wanda ya ratsa irin wannan titi zai ga gilashin taga an shafe shi da farin alli, wasiƙu sun taru a bayan ƙofa sun yi ƙura, inuwar haruffan tsohon suna tana nan a jikin bango bayan an cire allon.

To amma ruwa ba ya tsami banza. A Ingila akwai haraji mai nauyi a kan ginin kasuwanci, wanda ɗan haya ne ke biyansa matuƙar yana ciki. Idan ya fita, sai a ɗaga wa mai ginin ƙafa wata uku, daga nan kuma, bisa hukuncin da ya fara aiki a Afrilun 2008, harajin ya hau kansa cikakke, alhali kuwa ko sisi ba ya shigo masa. Idan ƙungiyar agaji mai rajista ce ta shiga ginin tana aikinta na alheri, nauyin ya tashi daga kansa ya koma kanta, ita kuma doka ta yafe mata kashi 80 cikin ɗari, majalisa ma tana da ikon yafe ragowar. Da wannan ne ƙungiyoyi irin su East Street Arts ta birnin Leeds suke karɓar kantuna su raba wa masu fasaha.

Mai karatu zai ce, me ya hana mai ginin rage kuɗin haya ya sami ɗan kasuwa? A nan wahalar mas'alar take. Darajar gini a wurin banki da kuɗin hayarsa ake lissafa ta, sau da yawa kuma ginin jingina ne a kan bashi, saboda haka ranar da ya sa hannu a kan haya mai rahusa ta shekaru, ranar ce ƙimar dukiyarsa ta faɗi a takarda. Misalinsa misalin mai hatsi ne da ya ƙi sayarwa da kaka yana jiran bazara, amma yana tsoron gara da ɓera a rumbu. Ko manomin da ya gama girbi ya roƙi makiyayi ya sauka da shanunsa a gonar: bai sayar ba, bai bayar da haya ba, makiyayi ya sami kara, gona ta sami taki. Ko mai gidan da ya yi tafiya ya zaunar da malami da almajiransa a zaure, domin ya san ɗakin da ba a hura wuta a ciki shi damina take fara kayarwa. Abin da fuƙaha'u ke kira ariya ke nan, ba ijara ba, kuma maslaha ce ta ɓangarori biyu, wadda babu aibi a cikinta muddin an kira ta da sunanta.

Aibin yana shigowa ne inda maslaha ta rikiɗe ta zama hila. A 2013 babbar kotun Ingila ta yanke hukunci a kan wata ƙungiya, Public Safety Charitable Trust, wadda take karɓar manyan gine-gine ta ajiye 'yar na'ura mai aika saƙo ga wayoyin masu wucewa, ta nemi rangwamen haraji da wannan, kotu kuwa ba ta yarda cewa wannan ya isa amfani da gini ba. Hoto biyu a rataye a bayan ƙofa mai kwaɗo ɗan'uwan wannan na'ura ne, kuma kuɗin da aka kauce wa biya haƙƙin jama'a ne da ake yi musu hidima da shi. Hukumomi sun fi kowa sanin bambancin, sai dai tura ma'aikaci ya leƙa ya ga ko ƙofa a buɗe take ya fi yanka ƙyalle a bikin buɗewa wahala.

Amfanin abin in an yi shi da gaskiya ya tabbata a Newcastle ta Ostareliya, inda Marcus Westbury ya kafa Renew Newcastle a 2008, aka riƙa aron kantuna bisa sharaɗin kwana 30 da ake sabuntawa, har tsakiyar garin da aka ƙaurace wa ya sake samun masu tafiya da ƙafa. Amma sharaɗin nan na kwana 30 shi ne kuma raunin tsarin, domin da zarar titi ya farfaɗo, ɗan haya mai kuɗi ya bayyana, wanda ya share wurin ya toshe yoyo ya jawo jama'a shi ne farkon wanda ake cewa ya kwashe kayansa.

Sabuwar dokar ta tanadi haya ta shekara ɗaya zuwa biyar, wa'adin da zai isa magini ya kafa tanderunsa ya san masu sayen tukwanensa. Ina kira ga majalisun da aka danƙa wa wannan iko da su yi aiki da shi, su kuma taimaki ƙungiyoyin masu fasaha na garuruwansu su shiga gwanjon, domin waɗanda suka raya titi a lokacin da kowa ya guje shi sun cancanci rubutacciyar yarjejeniya mai wa'adi.