Bashin Da Ke Bin Mota Har Gidan Mai Saye

Duk wanda ya taɓa halartar cinikin tsohuwar mota ya san yadda ake yi. Mai saye zai zo da makanikinsa, a ta da inji a saurari kukansa, a dubi hayaƙin salansa, a leƙa ƙarƙashi ko mai na ɗiga, a ƙwanƙwasa bodi ko an taɓa yi mata gyaran haɗari. Sa'an nan a zaga gari da ita a dawo, dillali ya shiga tsakani, a yi tayi a yi albarka, har a kai ga sallamawa. Abu guda ne ba safai ake tambaya ba, alhali kuwa shi kaɗai ya isa ya raba mutum da motar da kuɗinsa baki ɗaya, watau ko akwai wani banki ko kamfani da ke bin bashi a kanta.

Irin wannan bashi ba ya tsayawa a wuyan wanda ya ci shi. Motar yake bi duk inda ta shiga, ko da ta sauya hannu sau uku, ko da an sake mata fenti da lamba, ko da an kai ta daga Ikko zuwa Sakkwato. Ranar da mai bashi ya gano inda take, ƙofar wanda ke riƙe da ita zai ƙwanƙwasa.

JINGINAR DA BA A GANI

Jingina daɗaɗɗen abu ne a ƙasar Hausa. Mutum kan ba da gonarsa ko babbar rigarsa ko dokinsa ya karɓi rance, ranar da ya biya ya fanshi abinsa. Malaman fiƙihun Malikiyya sun bayyana cewa jingina ba ta cika sai abin ya shiga hannun mai bin bashi, ko hannun wani amintacce da su biyun suka yarda da shi. Hikimar wannan a fili take: abin da ba ya hannun mutum, da wuya ya kai shi kasuwa ya yaudari wani.

Jinginar zamani kuwa ta saɓa da haka. Banki ba shi da amfani da motar da ke ajiye a harabarsa, kuma sau da yawa da ita ce mai cin bashin zai nemo abin da zai biya. Saboda haka sai a bar masa ita yana hawa, yana zuwa biki da suna, maƙwabta na ce masa mai mota, alhali haƙƙin wani na rataye a kanta cikin takardar da ke kulle a ofis.

Hanya biyu ce bashi ke hawa kan mota. Ta farko ita ce sayen biya-sannu-sannu, inda kamfani ko wani attajiri zai ba mutum mota, ko babur mai ƙafa uku, yana biya duk mako ko duk wata. A idon doka wannan mutum ɗan haya ne, motar ba ta zama tasa ba sai ya kammala biyan ƙarshe. Ta biyu ita ce mai mota ya karɓi rance a banki, ko ƙaramin bankin talakawa, ko ƙungiyar gama kai ta ma'aikata, ya sa motarsa a matsayin jingina. A nan motar tasa ce, amma da igiyar mai bashi a wuyanta.

ABIN DA DOKA TA CE

Tushen maganar yana cikin Dokar Sayar da Kaya ta Ingila ta 1893, wadda Nijeriya ta gada, jihohi da dama kuma suka kafa tasu bisa tsarinta. Ƙa'idarta ita ce, ban da 'yan wurare kaɗan da aka keɓe, mutum ba ya iya mallaka wa wani abin da shi kansa bai mallaka ba. A 1895 kotun ƙoli ta Ingila ta yanke hukunci a shari'ar Helby da Matthews. Wani mutum ne ya karɓi piyano bisa biya-sannu-sannu, kafin ya gama biya sai ya kai ta wurin mai ba da rance ya jinginar. Mai rancen bai san kome ba, amma duk da haka kotu ta ce kayan na mai su ne na asali. Har gobe ana kafa hujja da wannan hukunci.

Daga baya Ingila ta ga irin hasarar da talakawa ke yi, sai a 1964 ta kafa dokar da ke kare mutumin da ya sayi irin wannan mota don amfanin kansa da zuciya ɗaya, bai san da bashi ba. Dokar Nijeriya ta sayen biya-sannu-sannu, wadda aka kafa a 1965, ba ta zo da wannan kariya ba. Ɗan hayar ta fi kulawa da shi. Ta ce idan ya biya kashi 3 cikin 5 na kuɗin mota, mai ita ba shi da ikon ƙwace ta sai ta hanyar kotu. Wanda ya saya daga hannun ɗan haya kuwa, ba shi da wata rumfa da zai fake a cikinta.

Game da jinginar banki, Babban Bankin Nijeriya ya buɗe Rajistar Jingina ta Ƙasa a watan Mayu na 2016. A watan Mayu na 2017 kuma Mukaddashin Shugaban Ƙasa na lokacin, Farfesa Yemi Osinbajo, ya sa hannu a kan dokar jinginar da kadarorin da ake iya ɗauka, kamar motoci da injuna da dabbobi da amfanin gona. An yi dokar ne domin ƙananan 'yan kasuwa da manoma waɗanda ba su da takardar fili su sami rance. Amma tana da wata fuska ga mai sayen mota: idan banki ya rubuta haƙƙinsa a wannan rajista, to ya sanar da duniya ke nan, kuma haƙƙin nasa ba ya faɗuwa don kawai mai cin bashin ya sayar da motar a ɓoye.

LISSAFIN HASARA

A ɗauki misali. Wani direba ya karɓi mota a kan Naira miliyan 5, zai biya cikin shekara biyu. Da ya biya miliyan 2 sai al'amura suka cuɗe masa, ya kai ta wani gari ya sallama wa wani malamin makaranta a kan miliyan 3 da rabi. Malam ya koma gida yana murna ya yi tsintuwa. Bayan 'yan watanni masu motar suka iso da takardunsu, domin wasu masu ba da mota bashi sukan ɓoye na'urar bin sawu a jikinta. Zaɓi biyu ne ke gaban Malam: ko ya miƙa makulli ya yi hasarar miliyan 3 da rabi, ko ya nemi sulhu ya biya ragowar miliyan 3. In ya zaɓi na biyu, ya sayi motar miliyan 5 a kan miliyan 6 da rabi, bayan ta ƙara tsufa. Araha ba ta ado.

Hasarar ba ta tsaya ga kuɗi ba. Sau da yawa ƙara ake kaiwa wurin 'yan sanda cewa an gudu da mota, kuma wanda aka samu da ita shi zai fara kwana yana bayani. Wanda ya tara kuɗin sallamarsa daga aiki ya sayi mota don haya, ranar da aka ɗauke ta an ɗauke abincin gidansa.

Gaskiya ne doka ta ba mai saye ikon komawa kan wanda ya sayar masa. A shari'ar Butterworth da Kingsway Motors ta 1954 a Ingila, wata mace ta sayar da motar da ba ta gama biya ba, motar ta bi hannuwa har ta isa ga wani mutum da ya hau ta kusan shekara guda, kotu kuma ta ce a mayar masa da kuɗinsa cif, fam 1,275. Haka nan sayar da abin da ba na mutum ba bisa yaudara laifi ne, ko a ƙarƙashin sashe na 419 na dokar laifuffuka ta Kudu, ko a babin zamba da cin amana na dokar Final Kod ta Arewa. Amma hukunci a takarda dabam, kuɗi a hannu dabam. Wanda ya kasa biyan bashin wata-wata har ya sayar da amanar da ke hannunsa, in ma an same shi, da wuya a sami abin da za a karɓa.

ALAMUN DA ZA A LURA DA SU

Mai bashi ba ya sakin mota haka kawai. Yawanci yakan riƙe takardun asali da makulli na biyu, wani lokaci a yi rajistar motar da sunan banki tare da na mai cin bashin, a kuma rubuta sunan bankin a takardar inshora. Saboda haka idan mai sayarwa ya fito da kwafe maimakon takardun asali, ko ya kawo takardar rantsuwa daga kotu cewa na asalin sun ɓace ko sun ƙone, lalle mai saye ya ja da baya ya sake tunani. Takardu kan ɓace da gaske, amma takardar rantsuwa maganar mai rantsuwar ce kawai, kotu ba ta bincika ba.

Sauran alamun sun haɗa da makulli guda tilo, da sunan da ke takarda ya saɓa da na mai sayarwa, a ce wai na wansa ne da ya yi tafiya, da farashin da ya faɗi ƙasa da na kasuwa ba dalili, da gaggawar a biya yau-yau da tsabar kuɗi. Dillali kuwa la'adarsa yake nema, kuma ba ya samunta sai ciniki ya faɗa. Ko da mutumin kirki ne, ba shi zai biya ba in abu ya ɓaci.

RIGAKAFI

Matakin farko shi ne mai saye ya karanta lambar shasi da idonsa daga jikin motar. A motocin da aka ƙera daga 1981 zuwa yau, yawanci haruffa da lambobi 17 ne, ana ganinsu a gindin gilashin gaba ta wajen direba da kuma jikin ƙofa. Ya gwada ta da abin da ke cikin takardar mallaka, da lasin, da inshora, da takardar kwastan. Kuɗin fito da ba a biya ba shi ma wani bashi ne da ke bin mota, jami'an kwastan kuma kan kama ta a hanya ko a hannun wa take.

Na biyu, ya sa a bincika masa wannan lamba a Rajistar Jingina ta Ƙasa, wadda ake shiga ta intanet a kan kuɗi kaɗan. Wanda bai iya ba, lauya ko ma'aikacin banki na iya yi masa. Ya kuma tabbatar da lambar motar a ofishin lasin na jihar da ta ba da ita, ko a wurin Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, da kuma sashen rajistar motoci na 'yan sanda. Sai dai a sani cewa rashin ganin suna a rajista ba shaidar wanki ba ce, domin attajirin unguwa da ya ba da mota bashi da wuya ya rubuta ta a can. A nan tsohuwar dabara ce ke aiki: a tambayi shugabannin tashar da motar ke lodi, ko abokan aikin mai ita, ko mai unguwarsu. Matambayi ba ya ɓata.

Na uku, a rubuta yarjejeniya a gaban shaidu, mai sayarwa ya bayyana a ciki cewa ba wanda ke bin kome a kan motar, a haɗa da hotonsa da lambarsa ta ɗan ƙasa. A biya ta banki, cikin asusun da ke ɗauke da sunan da ke kan takardun mota, sa'an nan a gaggauta sauya sunan mallaka.

In kuwa bincike ya nuna akwai bashi, ba lalle ciniki ya mutu ba. Mutum na iya sayar da motarsa don ya sauke nauyi, kuma ba abin kunya ba ne. Abin da ya kamata shi ne mai saye da mai sayarwa su tafi tare wurin mai bashi, a ba su ragowar lissafi a rubuce. Mai saye ya zuba wannan kuɗi a hannun mai bashi kai tsaye, ya karɓi takardar shaidar an gama biya, da takardun asali, da makulli na biyu, a kuma soke sunan motar daga rajista. Abin da ya saura shi ne rabon mai sayarwa. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a damƙa masa kuɗin duka bisa alkawarin gobe zai je ya biya.

Duk wannan bincike ba zai ci fiye da 'yan kwanaki ba. Mai sayarwa na gaskiya ba zai ƙi jira ba. Wanda ya ƙi kuwa, ya riga ya ba da amsar tambayar da ba a yi masa ba, sai mai saye ya riƙe kuɗinsa ya nemi wata.