Amsar Wasiƙunku: Ƙwannafi Ya Hana Ni Barci

Wani manomi daga ƙasar Funtuwa ya rubuto mana cewa kullum in ya ci tuwon dare ya kwanta, sai ƙirjinsa ya ɗauki zafi, ruwa mai tsami ya taso masa har maƙogwaro. Ya ce jiƙon kanwa yake sha. Yana tambaya, ina mafita?

To Malam, sannu. Wannan shi ne ƙwannafi. A inda hanyar abinci ta haɗu da tumbi akwai wani nama mai tsukewa kamar bakin jaka. In ya saki, ruwan tsamin da ke narkar da abinci sai ya komo sama ya ƙona hanyar. Cika ciki da kwanciya nan take su ke buɗe masa ƙofa.

Saboda haka ci tuwonka da wuri, ka bar awa 3 kafin ka kwanta. Kada ka cika ciki dam. In ka ci abinci a gona, ɗan huta kafin ka duƙa kan fartanya. Rage yaji, soye-soye, goro, kofi da lemon kwalba. Taba kuwa a bar ta ɗungum. Sassauta zariyar wando. Ɗaga gadonka ta wajen kai da bulo, kamar santimita 15 zuwa 20.

Kanwa takan kwantar da zafin na ɗan lokaci, amma gishirinta ya yi yawa, haɗari ce ga mai hawan jini. Haka nan ƙwayoyin ciwon jiki da ake sha bayan aikin gona, irin su asfirin, ibuprofen da diclofenac, suna tsananta ƙwannafi, har su jawo gyambon ciki.

A asibiti akan ba da farin ruwan magani mai kashe tsami, ko omeprazole mai rage ruwan tsamin, wanda ake sha minti 30 kafin karin kumallo. In an yi sati 2 ba sauƙi, a koma wurin likita.

Amma fa a kula! Abinci na maƙalewa wajen haɗiya, aman jini, bayan gida baƙi ƙirin, ko rama ba dalili, sai asibiti ba jira. Ciwon ƙirji mai sauka hannu ko muƙamuƙi tare da zufa kuwa yana iya zama na zuciya, a garzaya nan take.

Allah ya ba da lafiya, Malam. Ku ci gaba da rubuto mana.