Jinya ta Hanyar Tattara Hankali da Matsalar Doguwar Gajiya a Fadamar Haɗejiya

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala za ta dubi wata hanyar jinya da Turawa ke kira hifnosis, wadda a nan za mu kira ta jinya ta hanyar tattara hankali. Manufa ita ce a auna irin taimakon da za ta iya yi wa masu fama da doguwar gajiya da daɗaɗɗen ciwo a fadamar Kogin Haɗejiya, a kuma nuna iyakarta. Ra'ayinmu shi ne, wannan hanya mataimakiya ce kawai, kuma bai kamata a kai ga gare ta ba sai an fara binciko tushen gajiyar a asibiti.

2.0 Tushen Gajiya a Fadama

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, yanayin gudanar kogin ya sauya. Ruwa ya riƙa kwanciya a wasu sassa rani da damina, ciyawar kacalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa a yankunan Guri da Kirikasamma har zuwa Nguru. Irin wannan ruwa shi ne matattarar sauro da ƙananan katantanwa masu yaɗa tsargiya. Manomin shinkafa da masunci kuwa, kusan kullum ƙafarsu na cikinsa.

Tsargiya tana zubar da jini a fitsari sannu a hankali, zazzaɓin cizon sauro kuma yana farfasa ƙwayoyin jini. Dukkansu suna haifar da ƙarancin jini, wanda babbar alamarsa ita ce kasala. Har ila yau, likitoci sun daɗe suna lura da yawan ciwon ƙoda a yankin Haɗejiya da Gashuwa, kuma mutuwar jiki tana cikin alamominsa. Saboda haka duk wanda ya zo da kukan gajiya, wajibi ne a auna jininsa da fitsarinsa. Tsargiya tana da magani, watau firazikwantel, kuma babu wata magana mai daɗi da za ta maye gurbinsa.

To amma akwai waɗanda gajiyarsu ba ta tafiya ko da an yi duk abin da ya dace: mai sikila, da mai zuwa wankin ƙoda, da mai sankara, da kuma mai cutar nan ta matsananciyar gajiya wadda hutu ba ya kawar da ita. Waɗannan su ne abin dubawarmu.

3.0 Ma'anar Wannan Jinya da Tarihinta

Tattara hankali wani hali ne da mutum kan shiga inda tunaninsa zai taru a kan abu guda, jikinsa ya saki, ya kuma fi karɓar shawarar mai jinyarsa. Ba barci ba ne, ba suma ba ne, kuma majinyaci yana jin duk abin da ake faɗa, yana iya ƙin abin da bai yarda da shi ba. James Braid, wani likitan fiɗa a Mancesta ta Ingila, shi ne ya bayyana a littafinsa na 1843 cewa abin daga hankalin majinyaci yake fitowa, ba daga wani asiri na mai jinya ba. Ƙungiyar Likitocin Birtaniya ta amince da amfani da shi a 1955.

Yadda ake yi kuwa shi ne, a zaunar da majinyaci wuri mai natsuwa, a umarce shi ya bi numfashinsa, sa'an nan a riƙa siffanta masa wani abu da ya sani, alal misali sanyin bakin kogi da asuba. Idan ya natsu, sai a shigo da shawarwari game da sauƙin zogi da samun barci. Daga baya a koya masa yadda zai yi wa kansa a gida.

4.0 Abin da Bincike ya Nuna

A 1984 Peter Whorwell da abokan aikinsa suka gwada hanyar a kan majinyata 30 masu daɗaɗɗen murɗawar hanji a Mancesta, aka kuma sami sauƙi bayyananne ga waɗanda aka yi wa. A 1995 wani kwamitin Cibiyoyin Lafiya na Ƙasar Amurka ya yanke cewa akwai hujja mai ƙarfi cewa tana rage zogin sankara. Game da gajiya kanta, Guy Montgomery ya wallafa bincike a 2014 a kan mata 200 masu sankarar mama waɗanda ake yi wa gashi da na'ura. Waɗanda aka haɗa wa tattara hankali da nasihar gyaran tunani sun fi ƙarancin gajiya, har watanni shida bayan gashin.

Sai dai akwai iyaka. Mutane sun bambanta wajen karɓar wannan hali. Kaɗan ne ke shiga cikinsa sosai, mafi yawa tsaka-tsaki ne. Bugu da ƙari, ƙa'idojin jinya da hukumar NICE ta Ingila ta fitar a 2021 sun bayyana cewa babu maganin da ke warkar da cutar matsananciyar gajiya, abin yi shi ne majinyaci ya san gwargwadon ƙarfinsa kada ya zarce shi. Mai taɓin hankali kuwa ba a yi masa wannan jinya.

5.0 Kammalawa

Idan za a kawo wannan hanya ƙasar Haɗejiya, akwai sharuɗɗa uku. Na farko, a fara da gwajin asibiti. Na biyu, ma'aikacin lafiya mai horo ne zai yi ta, da Hausa, mace kuma ta jinyaci mace inda aka fi son haka. Na uku, a fahimtar da jama'a cewa ba bori ba ce, ba tsafi ba ce. A nan akwai darasi daga Farfesa Adeoye Lambo, wanda tun 1954 ya shigar da dangin majinyata da mutanen gari cikin aikin jinya a ƙauyen Aro kusa da Abeokuta. Tuntuɓar malamai da masu unguwanni tun farko zai kawar da zargi. Wanda ya yi wa majinyaci alkawarin warkewa ta wannan hanya ya yaudare shi; abin da za a iya sa rai shi ne raguwar zogi da samun barci, kuma ga mai daɗaɗɗen ciwo wannan ba ƙaramin abu ba ne.