Iyakar Nijeriya da Nijar: Me zai hana a sake rufe ƙofa a kan 'yan kasuwa?

Daga watan Agustan 2019 zuwa watan Maris na 2024 shekara huɗu ke nan da wata bakwai, amma a tsawon wannan lokaci ƙofar iyakar Jibiya ba ta yi wata 16 cikakku a buɗe ba. Gwamnatin Nijeriya ce ta fara rufe iyakokinta na ƙasa a Agustan 2019 da sunan yaƙi da fasa-ƙwaurin shinkafa da makamai. A Disambar 2020 aka buɗe Illela da Maigatari da Seme da Mfum, Jibiya kuwa da Kamba sai a Afrilun 2022. Kafin 'yan kasuwa su gama farfaɗowa sai ga juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, ƙungiyar ECOWAS, wadda ake kira CEDEAO a Nijar, ta ƙaƙaba takunkumi, aka sake garƙame ƙofa har zuwa Maris na 2024.

Wannan lissafi ba sai an karanta wa ɗan kasuwar Jibiya ko Ɗan Issa ko Mai'aduwa a jarida ba, domin a aljihunsa ya gan shi. An ga albasa ta ruɓe cikin tirela, an ga dabbobi sun rame a kan hanya, 'yan dako da 'yan kamasho sun yi zaman kashe wando, masu jari da dama kuma ba su sake miƙewa ba. Yanzu ƙofa na buɗe, to amma abin tambaya shi ne: wace yarjejeniya ce ke riƙe da ita a buɗe, kuma me zai hana a wayi gari an sake rufe ta?

Kasuwa ɗaya, tuta biyu

Iyakar ƙasashen biyu ta kai kimanin kilomita 1,500, tun daga bakin kogin Kwara a yamma har tafkin Chadi a gabas. Turawan Ingila da na Faransa ne suka kakkafa alamominta tsakanin 1906 da 1908, suka ratsa ta tsakiyar ƙasar Katsina da Gobir da Daura da Borno. Shi ya sa har gobe Sarkin Maraɗi Sarkin Katsina ake ce masa, kuma daga birnin Katsina zuwa Maraɗi bai kai kilomita 100 ba.

Abin da ke ratsa wannan iyaka sanannen abu ne ga mai karatu. Daga arewa ake gangaro da shanu da raguna da raƙuma, da wake da aya da riɗi da kanwa, da albasar Galmi da tattasan Diffa. Daga kudu kuma masara da gero da dawa da garin rogo da doya ke haurawa, tare da siminti da taki da kayan masarufi. Kasuwar hatsi ta Dawanau a Kano ita ce uwa ma-ba-da-mama, farashin da aka tashi da shi a can shi ake ji a Maraɗi da Damagaram bayan 'yan kwanaki. Haka ita ma kasuwar dabbobi ta Maigatari da ke ci ranar Alhamis, rabin armashinta daga ƙetaren iyaka yake zuwa.

Matsalar abinci da Nijar ta shiga a 2005 ta nuna wa kowa irin wannan haɗi. Hatsi ya yi tsada a kasuwannin arewacin Nijeriya, abin da aka saba haurawa da shi ya ragu, talakan Maraɗi da Tawa ya ji a jikinsa. Daga nan ne masana da hukumomi suka fara maganar Kano da Katsina da Maraɗi a matsayin yanki guda na kasuwanci, wanda idan aka matse gefe ɗaya sai ɗaya gefen ya yi kuka.

Abin da takarda ta ce

Shekara da shekaru ɗan kasuwar kan iyaka yana da wata rumfa da yake fakewa a ƙarƙashinta, ko ya sani ko bai sani ba. An kafa ECOWAS a Legas a 1975. A 1979 ta amince cewa ɗan kowace ƙasa cikin ƙungiyar na iya shiga wata ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90. A wannan shekarar kuma aka fara tsarin sassauta ciniki, wanda ya yafe kuɗin fito a kan amfanin gona da dabbobi da kayan sana'ar hannu na yankin, daga baya a 1990 aka shigo da kayan masana'antu. A ƙa'ida, buhun waken da aka noma a Tasawa ko ragon da aka yi kiwo a Gumel ba ya ma buƙatar takardar shaidar asali, takardar lafiya kawai ake nema. A 1982 kuma aka ƙirƙiro katin inshorar mota mai ruwan ƙasa, domin direban da ya yi haɗari a wata ƙasa ya sami madafa.

Wannan a takarda ke nan. A kan titi kuwa labarin ya sha bamban. Duk direban da ke bin hanyar Katsina zuwa Jibiya, ko Sakkwato zuwa Illela, ko Ƙonni zuwa Maraɗi, ya san yawan shingayen da zai tsaya kafin ya kai. Wani na kwastan ko duwan, wani na 'yan sanda ko jandarma, wani na shige da fice, wani na ƙaramar hukuma, wani ma ba a san na wane ne ba. A kowanne sai an sauko, an gaisa, an ba da na goro, ba rasit ba shaida. Wannan kuɗi ba daga aljihun direba yake fita ba a ƙarshe. Ana ɗora shi a kan buhu, mai saye ya biya, manomi kuma a rage masa.

Duk da haka, wanda ke da doka a bayansa ya fi wanda ba shi da ita. Ƙungiyar direbobi ko ta 'yan kasuwa na iya ɗaukar takardar ECOWAS ta je ofishi ta ce ga abin da shugabanni suka sa wa hannu.

Bayan ficewar Nijar

A nan ne gizo ke saƙa. Ranar 29 ga Janairun 2025 ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata, bayan sun kafa nasu ƙawancen na ƙasashen Sahel, wato AES. A ranar ECOWAS ta ba da sanarwar cewa ƙasashenta su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaida masu tambarin ƙungiyar daga 'yan ƙasashen uku, su bar su su shiga ba biza, kayansu kuma a ci gaba da yi musu sassaucin da aka saba. Su ma ƙasashen AES tun a Disambar 2024 suka ce ƙofarsu a buɗe take ga 'yan ECOWAS ba tare da biza ba.

Wannan abin a yaba ne, sai dai mai karatu ya lura da abu ɗaya: sanarwar ta ECOWAS cewa ta yi a ci gaba da hakan har zuwa lokacin da za a ba da wani umarni. Ma'ana, abin da a da haƙƙi ne na yarjejeniya ya koma alfarma, alfarma kuwa mai bayarwa ke da ikon janye ta.

Ba a daɗe ba aka fara ganin alamu. A Oktoban 2024 Nijar ta hana fitar da hatsi irin su gero da dawa da masara da wake da shinkafa, sai zuwa Mali da Burkina Faso. A Maris na 2025 ƙasashen AES suka amince da harajin kashi 0.5 cikin ɗari a kan kayan da ake shigo musu da su daga waje. A Mayun 2025, gab da Babbar Sallah, Nijar ta dakatar da fitar da dabbobi. Nijeriya ma ba a bar ta a baya ba: a Nuwamban 2019 ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, a farkon 2024 kuma jami'anta suka riƙa tare motocin abinci da ke shirin ƙetarewa. Kowace gwamnati na da hujjarta, ta ce tana kare talakanta daga tsada. To amma ɗan kasuwar da ya ci bashi ya yi lodi jiya, yau ya ji sanarwa a rediyo, wa zai biya shi?

Teburin da ya rage

Akwai wata hukuma da 'yan kasuwa da yawa ba su taɓa jin sunanta ba, alhali ta girmi ECOWAS. Ita ce Hukumar Haɗin Gwiwa ta Nijeriya da Nijar, wadda aka kafa a 1971 zamanin Janar Yakubu Gowon da Shugaba Diori Hamani, mai hedkwata a Yamai. Ta ƙasashen biyu ce kawai, don haka ficewar Nijar daga ECOWAS ba ta rusa ta ba. Aikinta ya shafi ciniki da sufuri da ruwa da makamashi da lafiyar dabbobi.

A Afrilun 2025 ministan harkokin wajen Nijeriya na lokacin, Yusuf Maitama Tuggar, ya je Yamai ya gana da takwaransa Bakary Yaou Sangaré, inda ɓangarorin biyu suka amince su farfaɗo da wannan hukuma, suka kuma tattauna batun kasuwannin kan iyaka da layin dogo da haraji da tsaro. Wannan ganawa ta nuna cewa ko da an saɓa a siyasa, maƙwabtaka ba ta sakuwa. Sai dai taron ministoci daban, canji a bakin shinge daban.

Jirgin ƙasa na tafe, amma…

Babban aikin da ake sa wa ido shi ne layin dogon Kano zuwa Maraɗi mai tsawon kilomita 284, wanda aka ba kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal a kan kusan dala biliyan biyu, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari kuma ya ƙaddamar da fara shi a Fabrairun 2021. An tsara layin ya bi ta Ɗambatta da Kazaure da Daura da Mashi da Katsina da Jibiya, da reshe zuwa Dutse. Manufar ita ce kayan Nijar, wadda ba ta da gaɓar teku, su riƙa sauka a Legas su hau dogo har Maraɗi. Tashoshin tsandauri na Dala a Kano da na Funtuwa, waɗanda aka buɗe a 2023 da 2024, an yi su ne da irin wannan buri. Rikicin da ya sa Nijar ta bar gadar Gaya a rufe ko bayan Benin ta buɗe nata ɓangaren a 2024, har manyan motoci suka koma zagayawa ta Lome da Burkina Faso da rakiyar soja, ya ƙara nuna amfanin samun hanya ta biyu.

Amma kada murna ta rufe mana ido. Ƙarfe da siminti ba su hana a rufe iyaka. Idan mai karatu bai manta ba, a Yamai ne Nijeriya ta sa hannu a yarjejeniyar ciniki marar shinge ta nahiyar Afirka a Yulin 2019, wata guda bayan nan ta rufe iyakokinta. An kuma buɗe katafaren ofishin haɗin gwiwa na Seme-Krake tsakanin Nijeriya da Benin a Oktoban 2018, bai shekara ba rufewar ta rutsa da shi. Tarago ma idan ya iso Jibiya ya tarar da takarda bakwai da ofishi bakwai, tsayawa zai yi kamar yadda tirela ke tsayawa.

Abin da ya kamata a nema

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na direbobi da na dillalan dabbobi na ɓangarorin biyu, tare da cibiyoyin ciniki na Kano da Katsina da Maraɗi da Damagaram, su ne ya kamata su haɗa kai su kai buƙata ɗaya gaban hukumar haɗin gwiwar. Abubuwa huɗu ne a gaba.

Na farko, a rubuta yarjejeniya tsakanin Abuja da Yamai kai-tsaye wadda za ta tabbatar da shiga ba biza, da yafe fito a kan amfanin gona da dabbobi, da karɓar inshorar mota ta juna, ko da me ya faru tsakanin ECOWAS da AES.

Na biyu, kada wata ƙasa ta rufe iyaka ko ta hana fitar da wani kaya sai ta ba da wa'adi, kuma kayan da ke kan hanya a bar su su isa, musamman masu lalacewa.

Na uku, a yi bincike sau ɗaya a wuri ɗaya. Wannan ba mafarki ba ne. Zambiya da Zimbabuwe sun fara shi a Chirundu tun Disambar 2009, jami'an ƙasashen biyu na aiki a inuwa guda, mota ta tsaya sau ɗaya ta wuce. Nijeriya da Kamaru ma sun buɗe irin wannan ofishi a Mfum a Nuwamban 2022. Me zai hana Jibiya da Illela da Maigatari da Kongolam? A kuma bayyana adadin shingayen da doka ta sani a kowace hanya, a kafa allon kuɗin da ake biya da Hausa, da boko da ajami, inda kowa zai gani.

Na huɗu, a yi wa ƙaramin ɗan kasuwa tasa takarda. A gabashi da kudancin Afirka akwai tsarin da wanda kayansa ba su wuce na dala 2,000 ba ke cike 'yar gajeriyar takarda a bakin iyaka ya wuce, ba sai ya nemi wakilin fito ba. Matan da ke safarar aya da kayan miya, da mai buhu biyar ko raguna goma, su ne suka fi yawa a kasuwanninmu, su ne kuma aka fi tatsa.

Su ma 'yan kasuwa da nasu nauyin. Wanda ya ɓoye haramtaccen kaya a ƙarƙashin buhunan wake shi ke ba hukuma hujjar sauke motar kowa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A riƙe katin shaida da takardar lafiyar dabbobi da ta mota, a nemi rasit a kan duk abin da aka biya, ƙungiya kuma ta riƙa rubuta ranar da wurin da aka karɓi kuɗi ba bisa ƙa'ida ba. Ƙorafi a tasha ba ya zuwa ko'ina, amma rubutacciyar shaida daga direbobi ɗari tana da nauyi a gaban kowane ofishi.

Ita barauniyar hanya da ake komawa idan an rufe ƙofa ba ta amfanar kowa sai ɓarayin daji da masu karɓar cin hanci. Gwamnati ta rasa kuɗin shiga, ɗan kasuwa ya sa ransa da dukiyarsa cikin haɗari, mai saye ya sayi kaya da tsada. Yanzu da ƙofa ke buɗe kuma manya ke magana da juna, yanzu ne lokacin neman a rubuta a sa hannu, ba sai ranar da aka sake jin sanarwa a rediyo ba. Allah Ya ba shugabannin ƙasashen biyu ikon duba talakawansu, Ya kuma sa albarka a kasuwanninmu.