Lambobin yabon dawakin Ingila: Rubutun baya ya fi azurfar daraja

A wuraren gwanjon kayan tarihi na Birtaniya, akan ci karo da ƙananan lambobin azurfa masu hoton ƙaton doki a fuska guda. Lambobin yabo ne da aka riƙa bai wa masu dawakin da suka yi zarra a bukukuwan baje kolin dabbobi tun ƙarni na 19, kuma akwai masu bin su suna saye domin adanawa.

Da dama daga cikinsu na Ƙungiyar Dawakin Shire ne, wadda aka kafa a 1878 da sunan ƙungiyar dawakin jan amalanke, ta kuma ɗauki sunanta na yanzu a 1884. Shire doki ne na aikin ƙarfi: shi ke jan garma a gona, shi ke jan kaya a titunan birni. Da tarakta da babbar mota suka karɓe aikinsa, yawansa ya ragu ƙwarai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, har aka yi fargabar ƙarewar irinsa.

Ƙwararren mai tara lambobi da zarar ya ɗauki guda sai ya juya bayanta. A nan akan sassaƙa sunan bikin da shekararsa, sau da yawa har da sunan ingarma ko goɗiyar da ta yi nasara da na mai ita. Da wannan suna ana iya komawa littafin asalin dawakin ƙungiyar a gano uwa da uba. Sai kuma ƙananan hatiman tantance azurfa: zaki na nuna azurfar kashi 92.5 cikin ɗari ce, anga alamar Birmingham, kan damisa na Landan, harafi guda kuma na nuna shekarar tantancewa.

Babbar barazanar ita ce wutar maƙera. A Janairun 1980, lokacin da farashin azurfa ya kai kusan dala 50 kowane oza, an narkar da tsofaffin kayan azurfa masu yawa domin nauyinsu kawai. Irin wannan na iya maimaituwa duk sa'ad da farashi ya tashi.

Akwai kuma ɓarnar da ake yi da kyakkyawar niyya. Magajin da ya tsinci lambar kakansa ta yi baƙi, sai ya dage da gurza ta har ta yi ƙyalli, alhali kowace gurza na cinye haruffan. A ganina wannan ta fi ciwo, domin lambar na nan a hannu, amma sunan dokin ya shafe.